Allurata da Gonar Maƙeri

Shekarun baya masu nisa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na yi aikin awon ƙasa a Tawa. Ba wani babba ba ne ni. Satifika kawai gare ni, sai horon ƴan watanni da aka ba mu. Amma Turawa sun tafi, ma'aikata sun yi ƙaranci, shi ya sa aka damƙa mini busol, wato ɗan akwatin nan mai allura da ke nuna arewa, aka haɗa mini da sarƙar awo da karne na rubutu. Wasu daga cikinku sun ga baƙin dutsen da ke kan teburina a hoto, sun tambayi ko na mene ne. Zan ba da labarinsa daki-daki, don ban iya ba da labari ta wata hanya ba.

A shafin farko na karnena ina da dokoki bakwai, kowace da lambarta. Ta ɗaya: cire duk ƙarfen da ke jikinka kafin ka buɗe busol. Ta biyu: kada ka yi awo busol yana hannunka, domin hannu yana rawa. Haka suke har zuwa ta shida. Waɗannan shida duk koya mini su aka yi. Ta bakwai ce tawa ta kaina, kuma da ita na fi alfahari: dutsen Adar ba ya jan allura.

Ga yadda na same ta. Kowa ya san jajayen duwatsun ƙasarmu ta Adar akwai ƙarfe a cikinsu, tunda da su maƙera suke narkar da tama tun kaka da kakanni. Sai na ji tsoro kada su ruɗa mini allura. Na samo mayen ƙarfe daga tsohon dinamo na keke, na ɗaure shi da zare, na yi mako guda ina bin tuddai ina gwada shi a kan duwatsu. Ja, da ruwan ƙasa, da mai ɗorawa-ɗorawa, ko ɗaya bai kama ba. Na rubuta dokata, na ja mata layi biyu a ƙasa.

Ana gab da damina aka aike ni wani ƙauye arewa da Kalfu. Makiyaya sun kai ƙara cewa burtalinsu ya matse, shanu ba sa iya wucewa sai sun shiga gona. Shef ɗinmu, wato shugaban ma'aikatarmu, ya ba ni wata tsohuwar takarda ta zamanin Turawa. Takardar ta ce iyakar burtalin ta gabas ta fara daga tarin duwatsun maƙera, ta miƙe arewa sak har gindin tudu. Ya ce in kafa turakun itace a kan layin, in aiko da rahoto. Bayan kwana shida mota za ta kawo turakun siminti, kuma da zarar an dasa su an buga hatimi, magana ta ƙare. Aka haɗa ni da gardi guda, wato dogarin gwamnati.

A hanya ƙafa ɗaya ta abin ɗora busol ta karye a cikin mota. Ban damu ba. Da na isa na tarar da tarin duwatsun, tsayinsa ya kai ƙuguna, baƙaƙe ne, samansa a shimfiɗe kamar an yi shi domina. Na ajiye agogona da makullaina nesa, na kori duk mai riƙe da gatari, na ɗora busol a kan tarin. Allura ta yi rawarta ta tsaya. Na auna, na fara kafa turaku.

Gabas da tarin akwai doguwar gona, an share ta an zuba taki, ana jiran ruwa. Layina ya shiga cikinta. Tun yana cin gefe, har da na kai gindin tudu ya kwashe fiye da rabinta, da ɓangaren da ruwa ke kwanciya. A zuciyata na ce, to, ga wanda ya cinye burtalin.

Mai gonar shi ne maƙerin garin, tsoho ne siriri, hannuwansa duk tabon wuta. Tun da na fara yana tsugune yana kallona. Sai da na kafa turke na ƙarshe ya taso. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati a bakin Faransa.

Ya ce, "Mushe, allurarka ta yi ƙarya."

Na ce, "Allura ba ta ƙarya, tsoho. Mutane ke ƙarya."

Shi ko gezau bai yi ba.

Ya ce, "Ni dai ina kallo. Tana hannunka tana duban gawon can. Gawon nan shi na iyakarmu tun ubana yana da rai. Da ka aza ta bisa duwatsun kakannina, sai ta maida huska ga gonata."

Na bayyana masa doka ta biyu, cewa abin da allura ta nuna a hannu ba abin dogaro ba ne. Na bayyana masa ta bakwai. Na ce takarda ba ta ambaci gawo ba.

Ya ce, "Takarda ba ta ci tuwo a gidana. Mutum goma sha ɗaya ke ci, kuma daga gonar ga suke ci."

Na rufe karne na tafi masauki.

Da safe na tarar da turakuna duka a ƙofar zauren maigari, an tumɓuke su an jera su tsaf, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Maƙerin yana zaune kusa da su. Bai ɓoye ba, ya ce shi ya cire. Raina ya ɓaci ƙwarai, watakila har da ganin yadda ya jera su ya fi yadda ni zan jera. Na sa gardi ya kama shi. Gardin ya ɗaure masa hannuwa da igiyar raƙumi, ya zaunar da shi a zaure. Ni kuma na rubuta rahoto, na sa awon da na yi, na ƙara da cewa wani maƙeri ya ci burtali kuma ya taɓa kayan gwamnati. Na ba wani mai doki ya kai Tawa.

Maigari ya same ni. Ya ce, "Mushe, ka duba hadari. Hauyoyinmu da sungumai duk suna maƙera. In ka ɗaure mai gyaransu, da mi za mu shuka? Da allurarka?"

Na ce, "Gobe da hantsi ka tara mutane. Zan nuna muku gaskiya da idonku, sannan a sake shi ya ba da haƙuri."

Washegari aka taru a gindin tarin, manoma da makiyaya. Aka kawo maƙerin, aka kwance shi. Na fito da mayen ƙarfena. Na fara nuna musu yadda yake kama wuƙa, suka yi ta mamaki. Sannan na tsinci jan dutse a ƙasa, na matsa masa mayen. Bai kama ba. Na gwada na biyu, na gwada na uku. Na ɗaga kai na dubi taron kamar wanda ya ci sarauta.

Maƙerin ya ce, "Wanga ɗanye ne, Mushe. Gwada gasasshe."

Ya nuna tarin da haɓarsa.

Har da ƴar dariya na miƙa zaren. Tun mayen bai kai ga dutsen ba na ji zaren ya ja, sai ƙas! Ya manne.

Na fizge shi, na gwada wani dutsen. Ƙas. Na gwada wani a ƙasan tarin. Ƙas. Wani ƙarami ma ya biyo mayen sama yana lilo. Mako guda na yi ina yawo a tuddai, na gwada duwatsun da ban san adadinsu ba, ga shi dutse yana maƙale a zarena a gaban mutanen gari guda.

Wani makiyayi ya ce, "A'a, Mushe, naka mayen ma ya bi bayan maƙeri!" Aka kwashe da dariya.

Mutum idan ya ji kunya yakan ƙara taurin kai. Na ce, "Wannan ba dutse ba ne. Guntayen ƙarfe ne da kuka narkar kuka zubar."

Maƙerin ya ce, "Wasu kashin maƙera ne, gaskiyarka. Amma mafi yawa tama ce da anka gasa ba a kai ga narka ta ba. Ɗauko jan dutsen da ka gwada da hannunka. Sa mishi alama da alƙalaminka. Mu tai maƙera."

Muka tafi, taron yana biye da mu. Ya fasa dutsen gida biyu da masaɓa, ya ba ni rabi in sa a aljihu. Ɗaya rabin ya tura shi can cikin gawayi ya rufe. Sannan ya nuna mini zugazugi.

Ya ce, "Kai za ka yi zuga, don kada ka koma Tawa ka ce na yi siddabaru."

Na zauna a kan buzu da wandona na kaki, na kama zugazugi. Ban iya ba. Hannun dama ya sauka, na hagu ya manta ya tashi. Tsohon yana cewa, "Ɗaya, biyu, Mushe. Ai ka iya ƙirga." Mata suna leƙe ta kan darni suna ƙunshe dariya. Gumi ya jiƙa mini riga har karnena ya yi laushi.

Bayan wani lokaci mai tsawo ya zaro dutsen da awartaki, ya yi jajir kamar garwashi. Ya ce in gwada, amma kada in bari mayen ya taɓa shi. Na matsar da zaren kusa. Shiru. Ko motsi bai yi ba.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kun gani! Bai kama ba!"

Ya ce, "Zamna. Yanzu cikinshi makyarkyata shikai, ba shi jin kiran kowa. Bari hankalinshi shi kwanta."

Ya tura dutsen cikin toka ya rufe, ya ɗauki hauyar wani ya ci gaba da gyara kamar ba na wurin. Sai bayan azahar ya tono shi. Ya huce, ya yi baƙi, irin baƙin tarin can. Na sake miƙa zaren.

Ƙas.

Na ciro ɗaya rabin daga aljihuna, alamar alƙalamina tana kansa. Bai kama ba. Na haɗa su biyu, bakin fashewarsu ya hau daidai. Dutse ɗaya ne. Ni na tsince shi, ni na hura masa wuta. Ɗanye bai kama ba, da zafi bai kama ba, da ya huce ya kama. Na tsaya riƙe da su. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne turakun siminti, da mutum goma sha ɗaya, da rahoton da na riga na aika.

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya shiga ɗaki ya fito da wani guntun mayen ƙarfe da ya fi nawa girma.

Ya ce, "Wani direba ya ba ni shi. Da shi nike tsince tama in ta gasu. Kai kaɗai ka ɗauka kana da shi?"

Na aro turmi a gidansa, na kife shi taku ashirin arewa da tarin, na ɗora busol a kai. Kafin haka na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na riƙe busol a kan tarin, na riƙa ja da baya ina kallon allura. Da idona na ga tana juyawa a hankali, tana barin gonar, har ta tsaya a kan gawo. Daga kan turmin na duba baya na ga tarin, na duba gaba na ga gawon, duka a layi ɗaya. Tsohon bai ci ko taku guda na burtali ba. Da na auna ɓangaren yamma na gane ruwan tudu ne ya zaizaye gefen ya yi kwazazzabo, shi ya matse wa shanu hanya.

Na durƙusa a gabansa, a gaban mutanen da na kira shi maƙaryaci. Na ce, "Baba, ka gafarce ni."

Ya dubi sawun igiya a wuyan hannunsa. Ya ce, "Igiyar ba ta yi ciwo kamar maganar ba. Na yafe. Amma turakun ga kai za ka maida su, ni na gaji da ɗaukarsu."

Na maida su a layin gawo kafin magariba. Sai dai turakun itace ba su ne hukunci ba. Hukunci yana Tawa, a rahotona, da sa hannuna. Masu dasa siminti kuwa rahoto suke bi.

Da asuba na hau raƙumin aro, na kai bakin hanya, na samu motar ƴan kasuwa. Na shiga buro, wato ofishinmu, na tarar har an loda turakun siminti, za a tashi washegari. Shef ɗinmu yana zaune, rahotona yana gabansa.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Shi kuma maƙerin nan za a kawo shi nan ya yi bayani."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Babu wanda zai je ya duba, kuma maganar maƙeri ba za ta ka da takarda ba. Na san haka, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi ɗan jim.

Na ce, "Shef, rahoton ba daidai ba ne."

Na buɗe busol a kan teburinsa. Na ajiye jan rabin a gefensa, allura ba ta kula ba. Na ɗauke na ajiye baƙin, ta juya ta bi shi. Shef ya cire tabarau ya goge ya maida. Ya karɓi duwatsun ya gwada da kansa sau uku, ya haɗa bakinsu ya gani.

Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Maƙerin da na sa aka ɗaure."

Ya ajiye duwatsun. Sannan ya yaga rahoton, ya ce in zauna in rubuta sabo. Bayan na gama ya karɓe busol ya sa a aljihun teburinsa. Shekara guda na yi ina jan sarƙa a bayan wani, kuma ban taɓa cewa an zalunce ni ba.

Abin bai bar raina ba. Ina da aboki malamin kimiyya a kwaleji, wanda ya yi karatu mai zurfi. Na kai masa duwatsun wata Lahadi da yamma. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya zazzage kwalin ashana a kan tebur.

Ya ce, "Ka ɗauka kowace ƙwayar ƙarfe a cikin dutsen nan ƴar allura ce irin taka, ƙarama ƙwarai." Ya jera tsinken ashana, wannan kansa sama, na kusa da shi kansa ƙasa, haka har ƙarshen layi. "Ga jan dutsenka. Ƙarfin yana nan ciki. Amma kowace allura ta juya wa maƙwabciyarta baya, ƙarfinsu kuma ɗaya, sai wannan ta kashe na wannan. Daga waje sai ka ce babu komai."

Na ce, "To gasasshen fa?"

Ya bi layin yana karya duk tsinken da kansa ke ƙasa, ya rage masa tsawo. Ya ce, "Wutar gawayi ta canja ginin dutsen. Har yanzu suna juya wa juna baya, amma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi. Rarar nan ita ta ja allurarka."

Na ce, "Saura na zafi."

Sai ya fara buga teburin da hannu biyu. Tsinkayen suka yi ta tsalle, layin ya watse. Ya ce, "Zafi rawa ce. Ƙwayoyin ba sa zama shiru ko da dutsen yana da sanyi, kullum suna ɗan karkarwa, kuma idan ɗaya ta motsa maƙwabciyarta tana ji. Rawar tana taɓa jerin, jerin ma yana taɓa rawar. Idan rawa ta yi yawa babu sauran jeri. Yadda su biyun suke shafar juna kuwa, manyan masana ba su gama gano shi ba."

Na ce masa maƙerin ya ce cikin dutsen makyarkyata yake yi.

Abokina ya daina dariya. Ya ce, "Haka ya ce? Ni sai da na yi shekaru a aji kafin a gaya mini."

Damina ta yi kyau a shekarar. Bayan girbi wani ɗan garin ya zo kasuwar Tawa, ya nemi gidanmu, ya sauke damin hatsi a ƙofa. Ya ce daga maƙeri, kuma daga ɓangaren gonar da layina ya so ya kwashe aka yanko shi. Da muka kwance damin sai ga baƙin dutse mai faɗi a tsakiya. Ɗan aiken ya ce, "Ya ce in gaya maka, ya ji an karɓe allurar. In an maida maka, ga wurin aza ta."

Shi ne dutsen da kuka gani a hoto. Na yi shekaru masu yawa a aikin bayan haka, na auna gonaki da filaye da hanyoyi, kuma dokokina suna nan bakwai. Ta bakwai ce kawai na soke, na rubuta wata a wurinta, na maida ta gaban ta ɗaya: kafin ka buɗe busol, tambayi mai gonar ina iyakarsa take, kuma idan shi da allura suka saɓa, sake awo.

Har yau idan na tuna ɗan jim ɗin da na yi a gaban teburin shef, nakan ji kunyar kaina. Gwajin da na yi a tuddai gaskiya ne, kowane dutse da na taɓa bai kama ba. Abin da ban gwada ba shi ne dutsen da ya bi ta hannun mutane, kuma wanda ya san shi yana tsugune a gabana yana gaya mini, na sa aka ɗaure shi da igiyar raƙumi. Hatsin nan mun ci shi a gidanmu, ya yi mana kwana da kwanaki. Ban taɓa cin tuwon da ya yi mini wuyar haɗiya kamarsa ba.